Wa ke kaɗa wa tsuntsayen ruwa gangar neman aure?

Balbela fara ce, wannan ko yaro ya sani. Amma wanda ya saba bin hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa a farkon damina, in yana ɗaga kai ya dubi itatuwan da balbelu ke kwana, zai ga farin ya sami ƙari. Kai da ƙirji da gadon baya sun yi ruwan goro, kamar lallen da bai gama kamawa ba, gashin wurin ya yi tsawo ya yi sili-sili. In ka dace da 'yan kwanakin da abin ya kai maƙura, har bakin nan rawaya da ƙafafun za ka tarar sun rine sun yi ja, kafin jan ya dushe. Na taɓa tambayar wani dattijo masunci a bakin dam ɗin Dadin Kowa ko ciwo ne ke sa su haka. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ba ka taɓa zuwa zance ba ne? Kayan sallarta ta sa."

Baba ya yi gaskiya, sai dai a gidan balbela ba mace kaɗai ke sa kayan ba, na namijin ma ya ɗan fi tsawo. Shi ke fara kama reshe a itacen da jama'arsu suka taru, ya hana kowane namiji matsowa, ya riƙa miƙa wuya yana saukewa, yana baza gashin baya, yana kama ɗan tsinke da baki yana girgizawa. Matan na gefe suna kallo. Wadda ta yaba sai ta dira masa a gadon baya. In ya kore ta, ta sake dawowa, har ya saduda. Daga nan shi ke ɗebo kirare, ita ke ginin sheƙa.

Yawancin hotuna da bidiyon irin wannan rawa da muke gani a wayoyinmu daga Turai da Amurka suke zuwa, kuma can lokacinta sananne ne: watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƙanƙara ta narke, ganye ya tsiro. Mukan fassara sunan wannan lokaci da "bazara" don watannin sun zo ɗaya, alhali bazararsu sauƙi ce bayan hunturu, tamu kuwa ita ce lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Gombe, tafkuna na ja da baya, laka na tsagewa. Wanda ya ɗauki kalandar Turai ya tafi bakin ruwa a watan Afrilu yana neman rawar tsuntsaye a nan, zai ga kaɗan ya rasa da yawa. Don a gane dalili, sai an fara gane me rawar take yi wa tsuntsun.

A shekarar 1912 wani matashin masanin halittu ɗan Ingila, Julian Huxley, ya kwashe wasu kwanaki a bakin madatsun ruwa na Tring, arewa maso yamma da Landan, yana kallon wani tsuntsu mai nutso, mai dogon wuya da tukku biyu da geza a kumatu. Turawa na ce wa danginsa girib. Ba tsuntsun yankinmu ba ne, amma ƙaninsa ƙarami na tafkunanmu, shi ne wanda za ka ga ya nutse a nan ya ɓullo can. Huxley ya ga namiji da mace na fuskantar juna a kan ruwa suna kaɗa kai hagu da dama, can sai kowa ya waiwaya ya taɓa gashin bayansa kamar mai gyara. Wani lokaci su nutse tare, kowa ya fito da ciyawar ƙarƙashin ruwa a baki, su nufo juna a guje, su miƙe tsaye ƙirji da ƙirji, ƙafafu na dukan ruwa don kada su nutse. Ya buga abin da ya gani a 1914, kuma har yau ana komawa ga wannan aiki.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, motsi da yawa a rawar suna da asali a aikin yau da kullum. Kaɗa kai na kakkaɓe ruwa ne. Taɓa gashi na gyaran jiki ne. Ciyawar baki kayan ginin sheƙa ce. Amma a fagen rawa an cire wa kowanne amfaninsa na asali, an ƙara masa tsari da maimaici, ya koma magana. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Dubi jinjinar mahaya a hawan sallah a ƙofar fadar Bauchi ko ta Gombe: dawaki a sukwane, makami a ɗage, an nufo sarki gadan-gadan, sannan a ja linzami a tsaya cak. Siffar hari ce, ma'anarta mubaya'a. Haka tsuntsu ya mai da wanka da shan ruwa da barazana suka zama gaisuwa. Konrad Lorenz ɗan Ostiriya ya bi sawun wannan a cikin agwagin daji, ya nuna a 1941 cewa kowane iri na da jerin motsinsa da yake gada kamar yadda yake gadon launin gashi, har ana iya gane kusancin dangi ta kamannin rawa. Yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel a 1973 kan nazarin ɗabi'ar dabbobi.

To, me ya sa sai an yi wannan doguwar hanya? Matsalar farko tsoro ce. Ka dubi bakin zalɓe, mashi ne sosai. Namijin da ya kama wurin sheƙa jininsa a kan akaifa yake, duk wanda ya matso abokin gaba ne, har macen da yake kira. Dole ta zo da siffar da za ta kwantar masa da hankali. Macen shamuwa kan sauka kusa da sheƙar namiji ta buɗe fukafukai ta sunkuyar da baki, ta daure ko da ya kai mata sara, har ya yarda da zamanta. Bayan an daidaita ma ba a daina ba. A gidan zalɓe duk sa'ad da ɗaya ya dawo daga kiwo sai an yi gaisuwa, a ta da gashin kai, a miƙa tsinke a karɓa. In babu wannan sallama, miji da mata za su iya raunata juna a kan ƙwansu.

Sai kuma tantance dangi. A tafki ɗaya za ka iske agwagi iri huɗu ko biyar a cakuɗe, kuma agwagi sun yi suna wajen haihuwa da irin da ba nasu ba. Macen da ta yi kuskure ta yi asarar shekara guda a kan 'ya'yan da da wuya su sami masoya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba ta da wani ɓoyayyen fassara: kuka da rawa su ne katin shaida.

Inda masana suka fi kai ruwa rana shi ne batun ado da wahala. Charles Darwin ya kawo hujja a 1871 cewa zaɓin da mata ke yi shi ke ƙera adon maza a tsawon zamani. Amma me mace za ta ci da dogon gashi ko jan baki? Amotz Zahavi ya amsa a 1975 cewa tsadar abin ita ce amfaninsa: alamar da kowa zai iya yi a banza ba ta gaya maka komai, sai wadda rago da majinyaci ba za su iya ba. A yammacin Amurka akwai wasu girib da ke tashi su yi gudu a kan ruwa, biyu a jere, tsawon da kan kai mita 20, suna taku har kusan 20 a daƙiƙa ɗaya. Babu yadda mai yunwa zai yi ƙaryar wannan. A 1982 William Hamilton da Marlene Zuk suka ƙara da cewa ƙyallin gashi da hasken fata na iya nuna wanda ƙwayoyin cuta ba su ci ƙarfinsa ba. Duk mai kiwon kaji ya san haka tun kafin a rubuta: zakaran da zankonsa ya koɗe, ba lafiya ba. Ni dai ina ganin kayan lefe da toshi ba su yi nisa da wannan lissafi ba, ko da yake mu mun iya cin bashi, tsuntsu kuwa bai iya ba.

Akwai wani aikin rawar da ido ba ya gani, kuma shi na fi so. Daniel Lehrman, wani masani a Amurka, ya yi gwaji da kurciyoyi a shekarun 1950 da 1960. Ya nuna cewa macen da ke ganin namiji yana mata ruku'u da guɗa, ko da gilashi ya raba su, mahaifar ƙwanta kan fara girma, wadda ke zaune ita kaɗai kuwa shiru. Wato kallon rawar da jin kukan su ke motsa sinadaran jikinta, halinta kuma ya motsa nasa, har su kai ga shirin kwanci a lokaci guda. Masu kiwon tattabaru a unguwannin Bauchi sun san ba a haɗa biyu yau a sami ƙwai gobe, sai namiji ya yi ta zagaye yana kumbura wuya na kwanaki. Ga tsuntsun da uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci, in jikin ɗaya ya riga na ɗaya shiri, ƙwai ne zai yi sanyi.

Yanzu mu koma ga ganga. Tsuntsu ba ya yawo da kayan haihuwarsa a cike duk shekara, don nauyi ne ga mai tashi sama. Bayan an gama kiwon 'ya'ya sukan ƙanƙance, in lokaci ya zagayo su kumbura, a wasu irin har ninki ɗaruruwa. Dole a sami abin da zai ba jiki sanarwa tun da sauran makonni. A ƙasashen sanyi tsawon yini ne. A Landan yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni ya haura awa 16. Ƙwaƙwalwar tsuntsu na auna wannan ƙari, ta saki sinadaran da ke ta da gashin ado da kuka da rawa. Wannan dabara ce masu gidan gonar kaji suka ara, shi ya sa suke kunna wa kajin ƙwai fitila har haske ya kai wajen awa 16. Amma Bauchi da Gombe suna kan digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya. Tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta, bambancin awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Wannan ganga ba ta da amo a nan. Abin da ke sauya duniyar tsuntsun ruwa a wurinmu shi ne ruwan kansa: yaushe ya sauka, yaushe ya malale fadama, yaushe ya janye. Shi ya sa a bakin tafki ɗaya za ka sami masu bin kalanda uku.

Na farko baƙi ne. Daga Oktoba zuwa Maris, fadamun arewacin Bauchi, wajen Katagum da Zaki da Gamawa, waɗanda suka haɗe da dausayin Haɗejiya da Nguru, sukan karɓi tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai da Rasha. Cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira gargani. Tana zuwa da tufafin aiki, namiji da mace duk ruwan ƙasa. Wajen ƙarshen sanyi sai namijin ya sake gashi, wani farin layi ya fito masa daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, ya fara wani kuka mai ƙaras-ƙaras kamar an ja farce a kan haƙoran matsefi, yana jefa kai baya. Agwagin arewa da yawa a masaukin hunturu ko a kan hanya suke daidaitawa, sannan mace ta ja gaba zuwa yankin da aka ƙyanƙyashe ta, namiji na biye. Ke nan zancen a ƙasarmu ake fara shi, ɗaurin aure da haihuwa a can. Da ta kwanta kan ƙwai kuma sai ya kama gabansa. Yadda suke sanin lokaci ya yi alhali yininmu bai sauya sosai ba, Eberhard Gwinner na Jamus ya ba da amsa: ya tsare tsuntsaye masu ƙaura a ɗakin da haske ba ya canzawa, suka ci gaba da sake gashi da zumuɗin tafiya kusan a kan lokaci. Akwai agogon shekara a cikin jikinsu.

Baƙon da ya fi ba ni mamaki shi ne wani mai dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa da bakin laka, manoma na korarsa. Sunansa na Turanci raf. A nan ba shi da abin kallo, toka-toka ne, ba ya ko kuka. Amma yana komawa arewacin Turai da Saibiriya a watan Mayu, namijin ya fito da wata gezar gashi a wuya kamar an naɗa masa rawani, da tukkaye biyu, kuma da wuya ka ga biyu masu launi ɗaya. Mazan na taruwa a dandali, kowa ya kama ɗan filin da bai fi faifai biyu ko uku ba, ana tsalle ana faɗa, mata na zuwa su zaɓa su tafi, ba sheƙa tare, ba reno tare. Mazan kuma kashi uku ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 masu duhun geza ne, su ke riƙe fili. Kusan kashi 15 masu farar geza ne, ba su da fili, suna raɓawa a na wani. Mai filin na ƙyale su don taron ado na jawo mata, su kuma suna jiran ya shagala da faɗa. Kashi na uku, wajen 1 cikin 100, ba a ma bayyana su ba sai a 2006 a ƙasar Holan: maza ne masu kamar mata, ba geza, suna shiga tsakiyar dandali ba wanda ya tanka musu. Wannan rabo ba zaɓi ba ne, gado ne, kuma a 2015 aka gano tushensa. Wani yanki na ƙwayar gadonsu ya juya baibai kimanin shekara miliyan 3.8 da suka wuce, kuma ɗan da ya gaji juyayyen daga uwa da uba duka ba ya rayuwa. Duk wannan rikici yana cikin tsuntsun da yaro ke jifa da gwafa a fadamar shinkafa.

Baƙi na tashi, 'yan gida masu bin kalanda ta biyu, ta damina, na shiri. Shamuwa kan iso daga kudancin Afirka wajen Afrilu zuwa Mayu, fuskarta ta yi shuɗi, ta hau kuka ko tsamiyar tsakiyar gari tana kaɗa baki ƙwas-ƙwas. Manomi na ganinta ya san a gyara fartanya. Ita fara da tsutsar damina take bi, don haka take gina sheƙa a daidai lokacin da abincin 'ya'ya zai yawaita. Ƙirinjijiya, mai farar fuska da fito sau uku, ba ta da wata rawar a zo a gani. Namiji da mace kamarsu ɗaya, zancensu shi ne su tsaya fuska da fuska suna tsefe wa juna gashin kai da wuya, kuma sukan daɗe tare, su yi kwanci tare. Dinya ta fi son ƙarfi: namijin na da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike, da shi yake korar kishiyoyinsa maza. Akwai kuma agwagwar nan da namijinta ke da ƙullutu baƙi a kan baki, wanda ke kumbura da damina ya sake motsewa da rani, shi kuma yakan tara mata fiye da ɗaya. In ka lura, inda namiji da mace suka yi kama, aikin reno ma raba shi suke yi. Inda namiji ya fi ado nesa ba kusa ba, galibi mace ce ke shan wahalar ita kaɗai.

Wannan ƙa'ida ta fi fitowa fili a inda aka juya ta. A duk tafkin da bado ya rufe, a Maladumba ta ƙasar Misau ko a lungunan Dadin Kowa, akwai wani tsuntsu ruwan ƙasa mai farin wuya da shuɗin goshi, mai yatsu dogaye ƙwarai, yana takawa a kan ganyen bado kamar a tudu. A littattafai jakana ake ce masa. A gidansu mace ce babba, nauyinta ya kusa ninka na namiji. Ita ke kama yanki, ita ke faɗa da sauran mata, kuma a cikin yankinta akan sami maza biyu, uku ko fiye, kowa da ɗan dandamalin ciyawarsa mai yawo a kan ruwa. Takan saka wa ɗaya ƙwai huɗu, masu sheƙi da zane baƙi kamar rubutun allo, ta wuce wurin na gaba. Namiji ke kwanci sama da mako uku, yana tallafe ƙwan da fukafukai. In an ƙyanƙyashe kuma haɗari ya taso, sai ya durƙusa 'ya'yan su shige ƙarƙashin fukafukansa, ya matse su ya ruga, ba ka ganin komai sai yatsunsu na reto. Wanda ya fara gani zai rantse tsuntsu ne mai ƙafa takwas.

Dalilin wannan tsari a bakin ruwan yake. Sheƙar da ke kan ganye ba ta da kariya: guza na ci, maciji na ci, ruwa ya ƙaru ya tafi da ita. Ƙwai da yawa ba sa kai labari. Abinci kuwa a wadace yake da damina. A irin wannan hali, macen da ta bar kwanci ga maza ta ci gaba da saka sabbin ƙwai ta fi barin zuriya. Saboda haka maza suka zama abin nema, mata suka zama masu gasa. Akwai ma wani ɗan fadama mai dogon baki da macensa ta fi namiji launi, ita ke kuka da daddare tana kiran maza.

Kalanda ta uku ta masu jiran ruwa ya janye ce. Ladin kogi, mai ruwan toka da baƙin layi a ƙirji, da rani take aure, lokacin da yashin Gongola da sauran koguna ya fito fili. In ɗaya ya sauka kusa da ɗaya sai a ɗaga fukafukai a nuna zanen fari da baƙi. Ba ta gina komai. Cikin yashi take binne ƙwanta, in rana ta take sai ta je ta jiƙa gashin cikinta ta dawo ta sanyaya wurin. Labarin da ake yaɗawa tun zamanin Girkawa cewa tana sakace wa kada haƙori, babu wanda ya tabbatar da shi. Mikiyar ruwa mai farin kai ita ma rani ta fi so, don kifi ya fi kamuwa in ruwa ya ragu. Miji da mata kan jefa kai baya su yi kuka tare, amon na ratsa kogi.

Wannan rabe-raben lokaci ya sa masu ziyarar Yankari ke kuskure mafi yawan abin. Gandun, wanda ke ƙaramar hukumar Alkaleri, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma an lissafa tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Jama'a na tururuwa ne daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwaye da gwanki suka taru a kogin Gaji, a yi wanka a Wikki a koma gida. Lokacin yana da kyau ga mai son ganin baƙi da masu auren rani. Amma shagalin 'yan damina na faruwa ne bayan motoci sun ragu, ciyawa ta fi mutum, hanyoyi sun yi laka. Abin da mai zuwa da rani zai iya gani ko yaushe shi ne aikin tsuntsun nan ruwan ƙasa mai kai kamar guduma: sheƙa mai rufi a cokalin itace, faɗinta kan kai mita ɗaya da rabi, tana iya ɗaukar nauyin mutum. Miji da mata ke tara dubban kirare su gina ta cikin makonni, wani lokaci su gina fiye da ɗaya a shekara, har da waɗanda ba za su saka ƙwai a ciki ba. Ginin kansa ya zama wani ɓangare na zaman auren.

Tun da ruwa ne makaɗi, duk wanda ya riƙe ruwa ya riƙe gangar. Dam ɗin Dadin Kowa da aka kammala a 1984 ya samar da babban tafki inda da babu, tsuntsaye da yawa sun amfana. Amma a ƙasan kowace madatsa, ruwan da aka saki a tsakiyar rani don noma ko lantarki na iya shafe tsibirin yashin da ladin kogi ta binne ƙwai. A arewa kuma, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin Haɗejiya ta ragu, ruwan da ke kwance duk shekara ya ba kacalla dama ta toshe hanyoyi. Kogin Jama'are, da ba a datse shi da babban dam ba, shi ke ɗauke da kaso mai yawa na malalen da ya rage, shi ya sa muhawarar dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kansa ta shafi tsuntsu kamar yadda ta shafi manomi da masunci. An sa tafkin Maladumba cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008, yarjejeniyar kare dausayoyi da aka ƙulla a Iran a 1971, amma suna a takarda ba ya hana noman rani cin bakin tafki, ba ya hana feshin jan-baki kashe tsuntsun da ba shi aka nufa ba.

Gauraka ne ya fi kowa shan wannan. Fulani na ce masa kumarewal, kuma shi ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya: baƙin jiki, farin fiffike, kumatu fari da ja-ja, da kambin gashi ruwan zinariya a ka. Rawarsa ce ta fi ta kowa cika ido. Ɗaya zai fara kaɗa kai sama da ƙasa, ya rusuna, ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle sama ƙafafu na reto, ya tsinci ciyawa ya wurga. Ɗayan ya amsa, wani lokaci garken duka ya kama. Matasa ma na yi, kuma ana yi a kowane wata, amma ta fi tsanani da damina, lokacin da miji da mata ke ware kansu su tattake ciyawa a tsakiyar fadama mai ruwa su yi sheƙa, su yi karɓa-karɓar kwanci kimanin wata guda. Suna buƙatar ruwa marar zurfi, ciyawa mai tsawo, da nisa daga mutum da shanu. A farkon shekarun 1970 dubbai ne a arewacin Najeriya. Yau dattawan Katagum da Misau ne ke ba da labarin garkensu, matashi kuwa in ya taɓa gani, mai yiwuwa a gidan wani mai hali ne ko a gidan zu, don kamawa a sayar na cikin abin da ya ƙarar da su tare da bushewar fadamu.

Na taɓa ganin biyu a farfajiyar wani babban gida, an datse musu gashin fiffike. Hadari ya haɗu da la'asar, iska mai ƙanshin ƙasa ta taso, sai namijin ya fara kaɗa kai. Ya rusuna, ya buɗe abin da ya rage masa na fukafukai, ya yi tsalle a kan siminti, ya tsinci wata ledar ruwa da aka yar ya wurga sama. Macen ta amsa masa. Maigadin gidan ya ce min shekararsu shida a nan, kowace damina haka suke yi, kuma bai taɓa ganin ƙwansu ba.